Shekarar da Aka Ce Na Rage Garken Tarka

Ku ƴaƴana, da ku jikokina da kuka fara wayo, na san abin da kuke ji idan kun je Tarka biki ko gaisuwa. Na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, na kuma san wasunku sun taɓa dambe a kansa. Ana ce mini Isufu Rage-Garke. Ana cewa a yini ɗaya na ɓatar da kusan rabin dabbobin kwarin Tarka, ba fari ba annoba, kuma a wannan shekarar ce awakin mahaifiyata suka koma sunana. Maganar farko ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyun gaskiya ce, amma ba yadda ake faɗinta ba. Yanzu da na zauna a Tanout ba ni da aiki sai korar kaji daga tabarma, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, tun hankalina yana jikina.

Shekarata ta ƙarshe ce a aikin kiwo. Ni ne shugaban ɗan ƙaramin biro, wato ofis, na kula da dabbobi a Tarka, mutane suna ce mini Likita, ko da yake marasa lafiyata duk ƙafa huɗu gare su. Damina ta zo a makare ta tafi da wuri. Tun kafin a gama ɗaure damman hatsi, ciyawar kwari ta zama kamar gemun yaro, nan tsilli can tsilli, kuma duk wanda ya taɓa ganin irin wannan shekara ya san abin da yake tafe idan zafi ya shigo. Sai ga wani porje, irin shirin nan na taimako, ya zo da alkawari: za a kawo dusa da ƴaƴan auduga, a raba wa yankunan Tanout da Belbeji gwargwadon yawan dabbobin kowane wuri. Kafin nan sai an ƙidaya. Kowace dabba za a maƙala mata ɗan kunne na roba mai lamba, a yi mata allura, a taɓa kunnen da waya, wayar ta aika labari Yamai, babban birni. Aka raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da rijiyoyinsa.

Ranar da motar kat-kat ta porje ta tsaya a ƙofar biro, na gyara hula na fito tarbar babban baƙo. Ƙofa ta buɗe, sai ga ƴar'uwarku Hadiza, ƴata ta uku, wadda na tura Yamai karatun odinatar, abin da ku yaran yanzu kuke ce wa kwamfuta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a gaban direba, sannan ta miƙe ta sanar da ni cikin ladabi cewa duk ƙidayar yankinmu ta hannunta za ta bi. A biro tana ce mini Shef, wato shugaba, ni kuma na rasa abin da zan ce mata, tunda a takarda ita ce sama da ni. Sau ɗaya na gwada ce mata Madam a gida, bakina ya suɓuce. Iya, mahaifiyata, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, kuma furfurata ba ta hana ta ce mini yaron nan ba.

"Yaron nan, wace ce Madam?"

"Hadiza nake nufi, Iya."

"Wannan da na wanke wa kashi? To madalla. Gobe sai ka durƙusa mata."

Aiki ya tafi daidai har aka kewaye rijiyoyin duka. Wata rana bayan azahar Hadiza ta kifa turmi a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora odinatar a kai. So take kawai ta tabbatar duk abin da wayoyi suka aika ya isa Yamai. Ta danna, ta jira, sai ta ce alhamdu lillahi duk sun iso, ta karanta wani adadi a fili. Ba zan rubuta adadin ba, domin har yau kowa a Tarka da nasa. Uwarku Habsu tana gefe tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Wannan duk namu ne?"

"Na kwarin Tarka ne, Inna, amma..."

Amma ɗin nan ita ce ta rushe mini shekara. Uwarku ba ta tsaya jin abin da ke bayanta ba, domin ana biki a maƙwabta kuma ta riga ta makara. Ta yafa mayafi ta fita da adadin a bakinta. Washegari da sassafe aka kira Hadiza Tanout wani taro, ta tafi ba ta san abin da ta bari ba. Kafin ranar kasuwa babu wanda bai ji ba, cewa inji ya ƙidaya dabbobin Tarka ya tarar sun fi na ko'ina a ƙasar Damargu, kuma dusar da za ta zo sai an gina mata rumbu. Adadin ma yana tafiya yana ƙiba, duk bakin da ya shiga sai ya fito da ƙari.

A nan kawunku Alhaji Ma'azu ya shigo. Ga waɗanda ba su riske shi da ƙarfinsa ba, shi ne yayan uwarku, dillalin dabbobi, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda ba ya shiga gida a hankali. Ya zo da maroƙi, da rago, da babbar riga shuɗiya, ya ce mutanen gari ne suka haɗa don godiya, wai ni na tsaya aka ƙidaya Tarka yadda ta cancanta. Gaskiya raina ya ɗan yi mini waswasi, domin na san kwarin nan tun ina saurayi, ban kuma san inda waɗannan dabbobi suke kwana ba. Amma na ce inji ya fi ni ido. Iya ta ce kyauta ba a barinta ta rame a ɗaure, aka yanka ragon a ranar. Na sa riga na zaga kasuwa, ana ɗaga mini hannu.

Da Hadiza ta dawo ta tarar da ni cikin rigar, fatar rago a shanye a katanga, kawunta kuma a zaune yana gamawa da sauran soyayyen nama.

"Baba, haihuwa aka yi?"

Na gaya mata. Ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, wannan adadin ba na dabbobi ba ne. Na layuka ne. Duk lokacin da aka taɓa kunne da waya, layi ɗaya yake shiga. In an taɓa saniya ɗaya sau biyar, layi biyar ke nan."

Alhaji ya ce shi bai ga bambanci ba, inji dai ya faɗa. Sai ta yi mana bayani, kuma tunda a kansa aka yi mini suna, ya kamata ku ma ku gane shi. Ta ce labarin da wayoyi suke aikawa daga yankuna duka ya fi ƙarfin odinatar guda. Don haka akwai wani kayan aiki da masu irin sana'arta suke amfani da shi, wanda yake yanka aikin kashi-kashi ya raba wa injina da yawa, kowace ta riƙe kasonta. A cikinsa akwai umarnin ƙidaya da aka riga aka shirya, ba iri ɗaya ba, kuma kowanne abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa. Ta ga mun yi tsuru-tsuru, sai ta juya wajen uwarku.

"Inna, kin tuna sunan ɗan Yaya Ramatu, da aka raba girki gida huɗu? Da kika so ki san kwano nawa aka fitar, yaya kika yi?"

"Na aika kowane gida su faɗa mini nasu, na haɗa."

"To haka injinan suke yi. Ba sa ɗauko kwanukan su kawo, kowace ta ƙidaya nata, ta aiko da adadi kawai, shugabarsu ta haɗa. Shi ya sa yake da sauri. Wannan shi na tambaya ran nan. To da a ce mutum nawa suka ci kike son sani, za ki haɗa haka?"

Uwarku ta buɗe baki za ta ce e, sai idonta ya faɗa kan yayanta, hannunsa yana cikin kwano.

"Ai ba zai haɗu ba. Yaya kaɗai gida huɗun ya zagaya."

"Zumunci na je yi," in ji Alhaji.

Iya ta yi dariya har gyaɗa ta zube mata. Hadiza ta ce to wannan ita ce matsalar. Kowane gida ya ga Kawu sau ɗaya, babu gidan da ya yi ƙarya, amma in ka haɗa sai ka sami Kawu huɗu. In ana son a ƙidaya kowace dabba sau ɗaya tak, dole injinan su yi musayar abin da ke hannunsu, duk layin da ke ɗauke da lamba iri ɗaya ya taru a wurin inji guda, ita ta ce wannan duk saniya ɗaya ce. Wannan kai-komon shi ke cin lokaci. Alhaji ya goge hannu ya matso kusa, ya rage murya kamar yadda yake yi a bayan kara, kasuwar dabbobi, idan ciniki ya kusa faɗawa.

"Ƴata, kin ce akwai shugabarsu. A ina take zaune? Ko akwai abin da take so a kai mata?"

"Kawu, ita ba ta ƙidaya komai. Raba aiki take yi, ta jira a kawo mata."

"To ai duk shugaba haka yake. Shi ya sa na tambaya."

Ta ce akwai wata ƙidaya ta gaggawa da za ta nuna mana inda muka dosa kafin a yi cikakkiyar. A wannan, kowace inji ba ta riƙe lambobin duka, ƴar alama kawai take haɗawa daga abin da ta gani, irin alamar da maimaici ba ya ƙara mata komai, sai a haɗa alamomin a sami adadi na kusa. Sai dai a gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zama, sai ya ga dama. Don haka muka ɗunguma zuwa tudun rairayin bayan gari, Hadiza a gaba da odinatar, ni a baya ina tattare babbar riga, Alhaji yana haki, da wasu zauna-gari da suka ga mun fita suka biyo ba su san dalili ba. A kan tudu ta danna. Adadin da ya fito da kaɗan ya haura rabin na farko.

"Kin ce wannan tana kuskure," in ji Alhaji.

"Kaɗan, Kawu."

"Kaɗan ɗin kamar yaya?"

"Kamar bambancin mudu mai tozo da wanda aka shafe."

"Ba kamar mudu da buhu ba?"

"A'a."

Duk da haka muka rataya ranmu a kan wannan kaɗan ɗin. Ta ba da umarnin cikakkiyar ƙidaya, muka yi ta hawa tudu muna sauka. Da Alhaji ya ji cewa injinan sukan faɗi a tsakiyar aiki, fuskarsa ta yi haske, har sai da Hadiza ta ƙara da cewa in ɗaya ta faɗi, shugabar takan miƙa kasonta ga wata ta sake daga farko. Ya ce bai taɓa ganin ma'aikata marasa tausayi irin waɗannan ba. Da amsa ta zo, tozon mudun ne kawai ya bambanta. Ta kuma zo da abin da ba mu tambaya da baki ba, domin Hadiza ta sa an jera dabbobin da aka fi maimaitawa. Na kan gaba bajimin Alhaji ne mai karyayyen ƙaho, an gan shi a rijiya bakwai. Ashe tun farkon aiki wani ya baza cewa kowace taɓawa buhu ɗaya ce, mutane suka riƙa kora garke suna bin ma'aikata daga mashaya zuwa mashaya. Alhaji ya ce shi bajiminsa mai son mutane ne.

Nan dariya ta ƙare. Ni ne zan sa hannu a kan rahoton yankinmu, kuma kowa ya sani. Da safe Alhaji ya dawo da dattawa biyar, mutanen da na yi sallah a bayansu shekara da shekaru. Suka zauna a zaure, ba maroƙi wannan karon. Wanda ya fi su shekaru, wani makiyayi da ya rasa garkensa kaf a wata muguwar shekara tun ina sabon ma'aikaci, shi ya yi magana.

"Likita, ba mu zo mu ce ka ƙirƙiri komai ba. Adadin nan inji ne ya faɗe shi, ba kai ba. Ka rubuta shi kawai. Kai ka ga abin da muka gani. Ka ga saniya tana cin tsumma, ka ga yadda ake ɗaga ta da sanda ta sake faɗuwa. In dusa ta yi yawa, wa ta kashe?"

Duk abin da ya faɗa na gani da idona. Na ce su ba ni lokaci. Na shiga gida na tarar da uwarku a tsaye, ta ce in tuna a garin nan za mu ci gaba da zama, kuma rago ya riga ya shiga ciki. Na sami Hadiza a rumfa, na tambaye ta a hankali ko akwai wata hanya.

"Baba, dusar ba ƙaruwa za ta yi ba. Abin da aka saya shi ke nan. Duk buhun da ya ƙaru a nan, daga bakin wata saniya aka cire shi, ko a arewacin Belbeji ko a wajen Tanout."

"In na rubuta na farkon fa?"



"Ni na riga na aika nawa. In naka ya bambanta, za su ce ɗayanmu ya yi ƙarya. Ba zan ce kai ne ba."

Ta faɗe shi ne ba da tsiwa ba, kamar mai sanar da ni cewa hadari ya haɗo. Na gane abin da take nufi: za ta yi shiru, a kore ta daga aikinta na farko da sunan maƙaryaciya, don kada a kunyata ubanta. Na fita na zaga bayan gida inda awakin Iya suke ɗaure, na daɗe a tsaye. Na san rijiyoyin arewacin Belbeji, na yi aiki a can ina matashi, na sha nonon mutanen wurin. Su ma shanunsu tsumma suke ci idan ta ɓaci. Na koma ɗaki na cire babbar riga na ninke, na tafi biro da tsohuwar taguwata na sa hannu a kan ƙaramin adadi. Daga can na wuce gidan Alhaji na miƙa rigar. Ya karɓa, ya juya ta ciki da waje.

"Ragon fa?"

"Alhaji, ai kai ka ci cinya."

Wannan ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu har rani ya fita. Kafin la'asar labari ya gama gari cewa da safe Tarka tana da dabbobi kaza, Likita ya shiga biro ya fito, rabi sun ɓace. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya tana tambaya ko tunkiyarta tana cikin waɗanda aka rage, ta ce ita dai ta bar ta a gida ɗazu. Mai shayi ya daina ganina. A masallaci sahun da nake yakan yi faɗi. Uwarku ba ta daina girki ba, amma ta manta inda gishiri yake na tsawon lokaci, kuma in za ta yi mini magana sai ta fuskanci bango.

Ina cikin wannan hali Hadiza ta zo da wata sabuwa. Ta ce rabon dusa da sunan mai dabba za a yi, kuma umarnin da ke ƙidaya ta wajen suna yana tsallake duk layin da aka bar gurbin suna babu komai. Ba ya cewa akwai matsala, wucewa kawai yake yi kamar ba a halicci dabbar ba. Mutane da yawa sun yarda a sa wa dabbobinsu ɗan kunne amma sun ƙi ba da suna, wasu don tsoron haraji, wasu don tsoron baki. In ba a cike guraben ba, ba za su sami ko mudu ba. Haka na hau babur cikin zafin nan ina bin ruga-ruga da zangon Buzaye, ni da aka ce na ɓatar da dabbobi, yanzu kuma na zo ina tambayar sunan masu su. Ku ƙiyasta irin tarbar da aka yi mini. A wata ruga sai da na rantse, na sha fura, na sake rantsewa. Na samo mafi yawansu, wasu kuwa sun ƙi har ƙarshe, kuma har yau abin yana damuna. Wadda ta fi ba ni wuya a cikin gidana take.

"Iya, awakinki babu suna. Za a tsallake su."

"A tsallake. Dukiya ba a shelarta. Kai kana so a rubuta ni a Yamai kowa ya sa mini ido?"

"Babu mai gani sai inji."

"Inji ba shi da baki? Ba shi ya faɗa wa garin nan abin da ya hana ka gishiri ba?"

Hadiza ta lallashe ta, ta ce awakin za su rame. Iya ta dube su, musamman wata ja da take ji da ita. Can ta ɗago.

"To a rubuta sunan yaron nan. In baki ne ya kama shi, shi ya riga ya saba."

Haka awakin kakarku suka koma sunana. Ranar rabo aka kira Isufu a gaban jama'a, na je na karɓi buhu, na ji ana ta gyaran murya a bayana. Wani ya ce ashe ba duka suka ɓace ba, wasu gidan Likita suka nufa. Buhun a ƙofar ɗakin Iya na ajiye shi, ko ƙwaya ban taɓa ba, kuma da ta rasu an raba awakin bisa gado, ƙannena suna raye ku tambaye su.

Dusar da ta zo ba ta isa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. An yi asara a wannan rani, ni ma na rasa saniya. Daga baya mun ji cewa ba Tarka kaɗai aka bi ma'aikata rijiya-rijiya ba, ko'ina an yi, kuma ko'ina ƙidayar ta rage su, don haka kasonmu bai yi nisa da abin da ya kamata ba. Amma wannan labari ne mara daɗin faɗi, bai yi tafiya ba. Da na ajiye aiki na ga zaman ya yi mini nauyi, na sayar da gidan da na haife ku a ciki muka dawo Tanout. Uwarku ta yi kuka ranar da muka ɗaure kaya, ta bar ƙawayenta da kabarin iyayenta, kuma wannan ban taɓa iya biyanta ba.

Amma kafin mu tashi, bayan ruwan farko ya sauka, wata safiya ina shan koko na ji ana ta gyaran murya a ƙofar gida. Na leƙa, Alhaji Ma'azu ne, ya rame kaɗan, riƙe da igiyar wata farar saniya da ya yi rainonta duk ranin nan da hannunsa. Tun jiya take naƙuda abin ya ƙi. Bai dube ni ba, saniyar ya duba.

"Ki gaya masa ba don kaina na zo ba."

Ni ma na dubi saniyar.

"Ki ce masa ya riƙe kan da kyau, kada ya saki."

Na naɗe hannun riga, uwarku ta kawo ruwan ɗumi da sabulu ba wanda ya aike ta. Da na sa hannu na gane dalilin wahalar, ƙafafu na ji sun fi na ɗan maraƙi guda. Na daɗe ina warware su, gumi yana shiga mini ido, Alhaji yana ta salati yana gaya wa saniya ta gaya mini in yi a hankali. Na farko ya fito, ya yi atishawa. Na koma, na biyu ma ya fito da rai. Tagwaye, abin da a duk aikina ban gani ba sai jefi-jefi. Saniya ta juyo tana lasarsu, uwarku ta rangaɗa guɗa, maƙwabtan da suka daina gaishe ni suka cika ƙofa. Alhaji ya tsuguna ya shafa wannan ya shafa wancan, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ɗago, karo na farko tun ranar riga, ya dube ni ido cikin ido.

"Likita, ka duba da kyau tun a gaban shaidu. Biyu ne. Kada ka je biro ka ce ɗaya ne ya fito sau biyu."